Jawabi A Dutsen Abba: Kwafe Ba Rubutu Ba Ne

Yau a kan 'ya'yanmu na firamare za mu yi magana. Yaro ya shekara shida a makaranta, ka ce, "Rubuta mini waɗanda suka ɗauki masara bashi," sai ya tsaya yana tauna biro. Ba laifinsa ba ne. Malam ya cika allo, shi ya kwafe, abin da aka saba masa ke nan.

A Zariya fa! Garin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda dattawanmu suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci suka fito suna rubuta wasiƙa da hannunsu.

To, ga abin da muke nema. Kowane mako yaro ya rubuta wa kawunsa wasiƙa da Hausa, daga kansa. Malam ya gyara da jan biro, yaro ya sake. A koya masa baƙaƙe masu lanƙwasa, kada ya rubuta "bari" alhali ɓari aka yi. In yara sun yi wa malami yawa, a ƙaro malamai. Ku kuwa 'yan kasuwa, da maraice ku miƙa wa yaro littafin bashi, kuna faɗa yana rubutawa.