Dashen Itace Sadaka Ce Mai Gudana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ƙasar nan amana ce a wuyanmu. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka ƙare, Tafkin Chadi ya janye. Saukar da ruwa na hannun Allah, amma sare itatuwa barkatai don gawayi aikin hannunmu ne. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Musulmi yana samun ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. Saboda haka, daminar bana kowane magidanci ya dasa mangwaro ko gwaiba, ya kange shi daga awaki har ya girma. Allah Ya ba mu ikon aikatawa, amin.