Birkin Gaba Ba Shi Ke Kayar Da Mutum Ba

 Yau maganar babur za mu yi, kuma bari in fara da abin da ya sa na ɗauko ta.

Watan jiya ƙanina ya faɗi da Boxer ɗinsa, ya karye a kafaɗa. Akuya ce ta faɗo masa kan titi, ya danna birkin ƙafa da iya ƙarfinsa, tayar baya ta tsaya cak, babur ya juya gefe, ya yar da shi. Da na je asibiti na tambaye shi, "Kai, me ya hana ka kama birkin hannu?" Sai ya ce, "Yaya, ai na gaba shi ke wuntsila mutum." Wallahi haka aka koya wa da yawanmu. Har akwai masu sassauta wayar birkin gaba da gangan, wai don kada ya kayar da su.

To ga yadda abin yake. Duk lokacin da ka taka birki, nauyinka da na babur gaba yake komawa. Tayar gaba ta ƙara dannuwa a kwalta, ta baya kuma ta yi sauƙi. Taya mara nauyi ba ta riƙe ƙasa, shi ya sa da ka matsa mata kaɗan sai ta daina juyawa ta fara jan ƙasa. Masu koyar da tuƙi suna cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai, ya ajiye mafi yawan birkinsa a gida ke nan.

Sai lissafin gudu. A kilomita 60 cikin awa, kana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ta ninku sau huɗu. Wato daga 30 zuwa 60, filin da kake nema ya zama huɗun na farko.

Yaya ake yi kenan? Saki totur. Kama birki biyun tare. Na hannu matsa shi za ka yi a hankali, kamar kana matse lemun tsami: ka fara da sauƙi, in gaban babur ya zauna sai ka ƙara ƙarfi. Fizga lokaci guda ita ke kayar da mutum. Na ƙafa kuma taɓawa ce, kuma gwargwadon yadda kake ƙara na gaba, kana rage na baya. Matse tanki da gwiwoyinka, kada ka sandare hannu, idonka na kallon inda kake son bi. Wanda ya zuba wa akuya ido, akuyar zai samu.

In tayar gaba ta kulle, saki nan take ka sake kamawa. In ta baya ce ta kulle, kuma bayan babur ya riga ya karkata gefe a kan kwalta mai kyau, kada ka saki farat ɗaya, domin tayar na iya cafkar ƙasa ta cilla ka sama. Riƙe ta, ka miƙe kan babur har ka tsaya. A kwana kuma, fara miƙar da babur kafin ka matsa birki sosai. Sauke giya da garaje ma yana kulle tayar baya, don haka a saki kuloci a hankali.

Inda akwai yashi, ko ruwan farkon damina da ke taso da baƙin mai a titi, duka tayoyin ba su da riƙo. Nan maganin ɗaya ne: rage gudu tun daga nesa. In kana da goyo, babur ya ƙara nauyi, tsayawa za ta ƙara nisa, kuma fasinja zai zamo ya turo ka gaba. Gaya masa ya riƙe da kyau.

Yawancin baburanmu ba su da ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa. Hannunka da ƙafarka su ne za su yi aikinta, kuma sai da gwaji suke iyawa. Ga roƙona: Asabar ɗin nan ka je wurin bakanike ya saita maka birkin gaba, mai faci ya duba iskar taya, in ta suɗe a canza ta. Sannan ka sa hular kwano, ka nemi fili mai kwalta da babu mutane, ka gwada tsayawa sau goma a gudun 20, sannan 30.

Ƙanina yana samun sauƙi, alhamdu lillahi, amma makonni ke nan babu aiki, kuma da babur ɗin nan yake biyan kuɗin makarantarsa. Ku tura wa duk wani mai babur a gidanku. Allah Ya tsare mu, sai mun haɗu a shiri na gaba.