RIKICIN MASU TASHA DA MASU DIKODA: WA KE BIYAN BASHIN?

Jawabin da aka gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, Tsanyawa





Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar yin ɗan tsokaci a kan rikicin da kan ɓarke tsakanin kamfanonin da ke rarraba tashoshin talabijin da masu mallakar shirye-shiryen. Wani zai ce me ya haɗa manomin gero da gyaɗa na Tsanyawa da wannan rigima ta manyan birane? Abin da ya haɗa su kuɗi ne. Daga Yankamaye zuwa Gurun, daga Kabagiwa zuwa Tatsan, akwai matasanmu da suka zuba ɗan jarinsu a gidan kallo, kuma da shi suke ciyar da iyali.

Jama’a, kafin hoto ya iso akwatin talabijin sai ya bi ta hannu uku. Hannun farko shi ne mai haja, kamar hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ko masu gasar Firimiya ta Ingila. Na biyu shi ne gidan talabijin da ya sayi izinin nuna hajar. Na uku kuwa shi ne kamfanin da ke tara tashoshi ya sayar mana ta dikoda, irin su DStv da GOtv da StarTimes. Kowane hannu yana da yarjejeniya mai wa’adi da na kusa da shi. Idan wa’adi ya cika ba a daidaita a kan farashi ba, sai a ɗauke tasha. Shi kuwa mai kallo, wanda kuɗinsa ke tafiyar da hannayen nan uku, ba a gayyatarsa wurin ciniki.

Ga misalai daga ƙasarmu. A shekarar 2007 wani kamfani na gida mai suna HiTV ya sami izinin nuna gasar Firimiya a Nijeriya. Masu gidajen kallo suka sayi sabuwar dikoda, da yawansu kuma suka riƙe tsohuwar saboda sauran wasanni, suna biyan kuɗin wata biyu. A 2010 izinin ya koma hannun SuperSport, a 2011 kuma HiTV ya durƙushe. Dikodar da aka saya da gumi ta zama kayan ajiya a kan kabad.

A 2013 aka yi gasar cin kofin Afirka a Afirka ta Kudu. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Nijeriya, wato BON, ta ce kuɗin da dillalin izinin ya nema ya yi yawa, ciniki ya watse. Aka shiga gasa, talakan da ya dogara da tashoshin gida bai ga ’yan wasan ƙasarsa ba, sai mai dikodar biya. Abin takaici, ita ce gasar da Nijeriya ta ɗauki kofi bayan ta ci Burkina Faso ɗaya da nema.

Haka aka kusa maimaitawa a Janairun 2024, gab da gasar da aka yi a Kwaddibuwa. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya sanar cewa ba zai nuna wasannin ba, domin izinin yana hannun New World TV na ƙasar Togo. Sai da ya rage ’yan kwanaki a take wasan farko sannan aka daidaita. A tsakanin nan, mai gidan kallo yana cikin tsaka mai wuya: ya sayi wata dikodar, ko ya jira ya rasa ’yan kallo?

Ko a Amurka abin bai bar su ba. A ƙarshen Agustan 2023 kamfanin Disney ya ɗauke tashoshinsa daga kamfanin Charter, gidaje wajen miliyan 15 suka yi fiye da kwana goma ba sa ganin su.

To, ina hukuma? An kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, wato NBC, tun 1992. A 2020 ta yi wa ƙa’idojinta gyara don hana kamfani guda ya kankane izinin nuna wasanni shi kaɗai, amma a 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce hukumar ta wuce hurumin da doka ta ba ta. A Yunin 2024 kuma kotun musamman mai kare haƙƙin masu saye ta ci tarar MultiChoice Naira miliyan 150 saboda ƙarin farashin da ya yi bayan an umarce shi ya dakata. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Wannan ya nuna mana cewa doka tana nan, sai dai tafiyarta a hankali take, kuma ba ta motsi sai an sami mai kai kuka.

’Yan’uwa, mu dubi yadda asarar ke sauka a ƙauye. Mai gidan kallo yana biyan kuɗin wata tun kafin ya ga ko kwabo. Yana sayen man janareto, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafi a Mayun 2023. Ranar da aka ɗauke tashar ƙwallo, benci ya zama wayam, mai shayi da mai rake da ke bakin ƙofa su ma sun tashi a tutar babu. Kuɗin watan kuwa ya riga ya tafi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin tashoshi cikakku, wajibi ne ya kawo su cikakku, ko ya mayar da rarar.

Saboda haka ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta farko, mu taimaka wa masu gidajen kallo na ƙaramar hukumarmu su haɗa kai a ƙungiya guda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta biyu, lauyoyi da ma’aikatan da ke cikinmu su koya musu ajiye rasiɗi da rubuta takardar koke zuwa ga NBC da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, wato FCCPC. Ta uku, mu riƙe namu tashoshin da ba a biyan kuɗin wata, kamar NTA Kano, da ARTV wadda muka sani da CTV tun zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da Arewa24 da ta fara a 2014. ’Yan kasuwarmu su ba su talla, marubutanmu su ba su labari, don kada ya zama duk abin da ’ya’yanmu za su kalla sai an yanke farashinsa a wata ƙasa.

Ina roƙon Shugaba ya sa waɗannan shawarwari cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.