Ƙanƙara a Kanada, Gishiri a Kwatano: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin a Zuba Masa Kankare

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan Zango masu aikin gini ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Mai martaba Sarkin Zango, malamanmu limamai, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka taso daga Malanville da Gaya da Kamba da Maradi da Kano da Legas, barkanku da zuwa, Allah ya huce gajiya.

Shugabanni sun umarce ni in yi magana a kan gini. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, taron 'yan kasuwa da zancen siminti? Ai ribar ɗan kasuwa, in ta daɗe tana yawo tsakanin tashar jirgin ruwa da kan iyaka, a gini take kwana. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin da hanyar Gaya ta toshe bayan Yulin 2023, mun ga wanda ya rage a tsaye: mai shago nasa na kansa, da mai gidan haya. Ga shi kuma harkar sari tana karkata zuwa Akassato, da yawa daga cikinku sun sayi fili a Calavi da Godomey da Cocotomey, wasu har sun sauke yashi. Kafin a kwaɓa, akwai magana.

Zan fara da abin da kuka fi ni sani. Duk wanda ya taɓa sarar mota a Sekandji ya san ba a sayen wadda ta zo daga Kanada ko arewacin Amurka sai an durƙusa an leƙa ƙarƙashinta. Fenti na walƙiya, kujeru kamar sababbi, amma ƙasan duk tsatsa. Dalili shi ne gishirin da suke watsawa a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. To, gishirin nan da ya ci motar, shi ne ke cin gadojinsu da gine-ginensu, kuma yadda maginansu suka koyi yaƙi da shi akwai darasi a ciki gare mu.

Kankare da kuke gani kamar dutse, cikinsa cike yake da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na shiga yana zama. A ƙasar sanyi, in dare ya yi ruwan nan ya daskare, girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a firiza ya san ƙarshenta. Rana ta fito ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa, haka sau da yawa a damunar sanyi guda. Kowane zagaye yana ƙara buɗe tsaga, har fuskar kankaren ta fara ɓarewa. Daga nan ruwan gishiri ya samu hanya ya kai ga rodi. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin ya ci rayuka. Ranar 30 ga Satumba, 2006, wata gadar sama a garin Laval, kusa da Montreal, ta rufto kan motoci, mutum 5 suka mutu. Kwamitin bincike ya samu kuskure a zane da ɗaurin rodi, ya kuma samu cewa kankaren ba irin wanda zai jure daskarewa da gishiri ba ne. Babbar gadar Champlain ta Montreal, wadda aka buɗe a 1962, gishiri ya cinye ta har aka rufe ta a 2019, aka gina sabuwa da kuɗin da ya haura dalar Kanada biliyan 4. Shekara 57 kacal ta yi, a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko injiniyoyi ba.

Saboda haka ɗan kwangila a can, ko gidan kwana zai gina ko shago, akwai abubuwan da ba ya wasa da su. Yana haƙa tushe ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa, wanda a Montreal ya fi mita ɗaya. Yana sa wani sinadari da ke haifar da 'yan kumfa a cikin kwaɓin, wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100, don ƙanƙara ta samu inda za ta kumbura ba tare da ta fasa ba. Yana rage ruwan kwaɓi ya koma ƙasa da rabin nauyin siminti. Yana karkata daɓe don kada ruwa ya kwanta. In sanyi ya yi tsanani, ya rufe sabon kankare da bargo na musamman. Sannan duk wannan a rubuce yake a takardar kwangila, kuma a manyan ayyuka ana ɗibar samfuri a kai ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 28.

Mu nan Allah bai ɗora mana ƙanƙara ba, ba ruwanmu da kumfa ko bargo. Amma gishirin da su ke saye da kuɗi su watsa wata huɗu ko biyar a shekara, mu teku ce ke watso mana shi kyauta, dare da rana, wata 12. Kudu da mu teku, arewa tafkin Nokoué, wanda ruwan teku ke shiga tun da Faransawa suka haƙa mashigar Kwatano a 1885. Damina biyu muke yi, ruwan shekara wajen milimita 1,300, ya ninka na Maradi fiye da sau biyu. A unguwanni da yawa ka haƙa mita ɗaya ko biyu ka tarar da ruwa. Kun tuna ambaliyar 2010, wadda ta shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na ƙasar nan.

In gishiri da danshi suka kai ga rodi, sai ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, ninki biyu ko fiye, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki, daidai yadda ƙanƙara ke yi a Kanada. Ku zagaya Akpakpa da Fidjrossè ku ɗaga kai ku dubi ƙarƙashin baranda: jan layi a jikin ginshiƙi, ɓaraguzai sun zubo, rodi a waje. Wasu gidajen ba su kai shekara 20 ba.

Matsalar da na fi gani a wurinmu ita ce mun taho da al'adar ginin gida. A Kano ko Maradi, ƙasa a bushe take, iska ba gishiri, kuskuren birkila yakan ɓoye shekaru. Mutum ya kira maginin da ya yi masa gida a Fagge ya ce maimaita mini a Womey, ga shi fili fadama ne da aka cike. Kakanninmu ba haka suke yi ba. Maginan da suka bi sahun Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sun san ƙasar da za su ɗiba, sun san makuba da laso, sun san azara ta giginya ce gara ba ta ci, sun san a sake yaɓe kafin damina. Ginin kowane gari da irin makaminsa.

To ga abin da nake roƙon ku duba.

Na farko, ƙasar. Calavi iri biyu ce. Akwai tudu mai jar ƙasa wadda ke ɗaukar nauyi, akwai kwari mai taɓo. Ka je ka ga fili a watan Yuni ko Oktoba, ba a Janairu ba. In bene za ka ɗora, a gwada ƙasar kafin a zana tushe. Akwai cibiyar gwaji a Kwatano da ke wannan aiki, kuma makarantar EPAC ta Jami'ar Abomey-Calavi tana yaye injiniyoyin gini kowace shekara, cikinsu har da 'ya'yanmu. Takardar fili kuma a tantance ta a ANDF, a karɓi izinin gini.

Na biyu, yashi da ruwa. Gwamnati ta hana ɗibar yashin bakin teku tun 2008, saboda zaizayar gaɓa. Ko da ba a hana ba, wanda ya kwaɓa da shi ya binne gishiri tare da rodinsa. Yashin tafki ma a duba shi. Ka zuba shi a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a sama, a mayar wa mai tifa. Ruwan kwaɓi kuwa, wanda ba za ka iya sha ba saboda zartsi, kada a zuba maka shi.

Na uku, siminti. Ko na Onigbolo ne, ko na Massè, ko na Sèmè, ko wanda ya tsallako daga Najeriya, ka duba na wane aiki ne, domin na shafe daban, na ginshiƙi daban. Kuma danshin nan namu yana kashe buhu a mangaza. Wanda ya yi ƙulalai ya tashi daga aiki. Ƙa'idar ginshiƙi da dakin ita ce kilo 350 a kowace mita kubik, wato buhu 7. Dakin mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, kauri santimita 15, zai ci buhu 105. In aka sauko buhu 5, an tsira da buhu 30, an kuma sa duk wanda zai kwana a ƙarƙashi cikin haɗari.

Na huɗu, kada a cika ruwa. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka a kwanon sarki. Amma ruwan da ya wuce ƙima, in ya bushe, ƙofofi yake bari, nan gishiri zai bi. Buhu ɗaya kada ya wuce lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. A kawo injin girgiza ya fitar da iska.

Na biyar, shi ne wanda ba ya cin kuɗi amma ya fi kowanne amfani: rigar rodi. A kusa da teku, tsakanin rodi da fuskar kankare a samu santimita 5, a sauran wurare na waje kada a gaza 3. Ana yin 'yan ƙananan dunƙulen siminti a ɗaura a jikin rodi don su raba shi da katako. Alhaji, ranar da za a zuba, ka bar shago awa ɗaya, ka je da abin awo, ka durƙusa kamar yadda kake durƙusa wa mota. In an zuba, an rufe magana.

Na shida, shayarwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha. A riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe da buhuna. Masu gini a Malanville da Gaya da hunturu, wannan ya fi shafarku, iska tana tsotse ruwan kafin la'asar. Kuma kada gaggawar ɗan haya ta sa a cire tokaren dakin kafin mako uku.

Na bakwai, takarda. Mu mutane ne masu amana, muna tura kaya na miliyoyi da kalmar baki. Amma a gini, rubutu kariya ne ga mai gida da magini duka. A rubuta yawan buhu, girman rodi, kaurin rigarsa, da wanda zai duba. A biya mataki-mataki, a riƙe wani abu kaɗan sai ginin ya ga damina guda. Iyayenmu mata da ke gini da kuɗin adashi, da 'yan'uwa da ke aiko kuɗi daga Turai da Amurka, su suka fi buƙatar wannan, don ba sa tsaye a wurin. Kuma kada mu ma mu matse magini a farashi har mu tura shi ga ha'inci. Araha ba ta ado.

Sannan kada a ɗora hawa a kan tushen da ba a yi don shi ba. Mun ji abin da ya faru a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda bene mai hawa 21 ya rushe ya kashe sama da mutum 40. Mun ji na titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022, a tsakiyar kasuwar waya, kan 'yan kasuwa irinmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina da shawara guda ga shugabanni. Kamar yadda ƙungiya ke da masu tsaya mana a duwan da tashar jirgi, a ɗauki injiniya ɗaya amintacce da zai riƙa zuwa ya duba ginin kowane ɗan ƙungiya sau uku: ranar tushe, ranar ɗaurin rodi, da ranar zuba dakin. In aka raba ladansa a kanmu, ba zai kai kuɗin buhunan da ake sacewa a gini ɗaya ba. A kuma buga takardar kwangila guda, da Faransanci da Hausa, a ajiye a ofis, kowa ya ɗauka. Ni da abokan sana'ata a shirye muke mu zauna mu tsara ta kafin damina ta faɗi.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya buɗe mana iyakoki, ya tsare mu da iyalanmu a ƙarƙashin rufin da muka gina, ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan ƙungiya. Allah ya maimaita mana, ya mai da kowa gidansa lafiya.