Leda a Tumbin Rago

Shugabannin ƙungiya, malamaina, ƴan'uwana samari da ƴan mata, na gode da kunka ba ni wannan dama.

Babbar Sallar da ta wuce, da anka yanka ragon gidanmu, baba ya kira ni in riƙe mishi tumbi. Yana tsagawa sai ga dunƙulen baƙar leda kamar ƙwallo, ta murɗe ta yi tauri. Ashe abin da ya hana ragon ƙiba ke nan, duk da dussa da harawar da munka yi wata uku muna saye. Ku tambayi kowane mahauci a Ɗan Kassari ko Dogon Dutsi, ya san wannan dunƙulen.

Ni ba na cikin masu cewa da can ta fi yanzu. Kwaltar da ta ratsa garinmu daga Yamai zuwa Ƙonni ta kawo arziki: butiki sun yi yawa, kabu-kabu na ciyar da gidaje, salula ta sa ɗan ci-rani na aiko kuɗi daga nesa. Muna son wannan, muna ma son ƙari. Amma ku duba yadda muke saye. Sukari na dala biyar, leda. Magi guda biyu, leda. Ruwan sha, leda. A kai gida a yar, iska ta kwashe ta rataya a ƙaya, sauran ta kwanta a gona ta hana ruwa shiga ƙasa, bisashe su haɗiye mai ɗanɗanon gishiri ko mai. In anka tara anka ƙone kuma, hayaƙin ƙirjin ƙannenmu yake shiga.

Doka akwai ta. Tun 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta hana ƙerawa, shigowa da sayar da irin wannan leda marar kauri. Ruwanda ta yi irin dokar a 2008, Kenya a 2017, kuma can an ga canji a kasuwa. Mu nan fa? Kun san amsa. Ni dai ba na ganin laifin yaron da ke tallar leda, abincinshi yake nema. In za a raba shi da ita, sai an ba shi wani abin sayarwa.

Kuma abin sayarwar muna da shi. Kaba na nan a Dallol Mawri, iyayenmu mata sun iya saƙa kwando da faifai. Teloli nawa ke cikin wannan zaure? Jakar cefane daga ƙyallen da ya rage a shago tana yin shekara. Kuɗin da ke tafiya wajen masu kamfanin leda sai su tsaya hannun telanmu.

A lekwal an koya muna cewa manoman Maradi sun maido itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Ba doka ta tilasta su ba, maƙwabci ya ga hatsin maƙwabci ƙarƙashin gawo ya kwaikwaya.

Saboda haka ga roƙona ga kwamiti. Taronmu na gaba a kawo randa da kofuna maimakon ruwan leda. A ba teloli biyu daga cikinmu kwangilar jaka hamsin, a sayar wa membobi bisa kuɗin ɗinki kawai. Ni na ɗauki biyar, ɗaya ta inna ce.