Kyamarar Tsaro Da Shafin Intanet: A Tambayi Mai Aiki Da Su Kafin A Saya

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Malam shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai da suka sha ɗawainiyarmu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Da farko ina neman afuwar malamanmu, domin kuwa abu ne mai nauyi mutum ya tsaya gaban wanda ya koya masa riƙon alƙalami ya ce zai yi lacca. Kwamitin shirya taro ne ya ɗora mini, saboda shawarwari biyu da ke gaban ƙungiya a bana, wato sayen kyamarorin tsaro domin makaranta, da kuma buɗe wa ƙungiya shafi a intanet. Ni ba injiniya ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne da ya sayi kyamara da albashinsa, ya kuma ga abin da ya gani.

Shekaru biyu da suka wuce ɓarayi suka haura katangar gidana suka ɗauke babur. Cikin zafin rai na kira wani yaro mai wannan sana'a ya kafa mini kyamara huɗu, da akwatin da ke naɗar hotuna, ya sa mini manhaja a waya yadda ko ina ofis ina kallon ƙofar gidana. Na yi ta nuna wa abokan aiki ina alfahari. Bayan wata uku aka sake shigowa, aka kwance batirin janareto. Da gari ya waye na zauna duba hoton ɓarawo, sai na tarar babu komai. Ashe an ɗauke wuta tun sha biyun dare, akwatin naɗa kuwa da wuta yake aiki. Ɓarawo ya zo a lokacin da ya saba zuwa, kyamara kuma ta yi barci tare da mu.

Saboda haka duk wanda zai sayi kyamara, ya fara lissafin batir da inbata ko sola kafin ya yi cinikin ita kanta kyamarar. Ya kuma sani cewa faifan ajiyar da ke cikin akwatin yana cika, idan ya cika sabon hoto yana goge tsoho. Nawa ba ya wuce mako biyu. Wanda bai lura da sata ba sai bayan wata guda, shaidarsa ta riga ta tafi. Wannan matsala ba ta talaka kaɗai ba ce. A shekarar 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar kimanin dala miliyan 470 domin tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a titunan Abuja, kuma daga baya sai da Majalisar Wakilai ta yi bincike a kan dalilin da ya sa ba a ci moriyarsu ba. Sayen na'ura kwana ɗaya ne, kula da ita shi ne aikin kullum.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma maiɗakina ce ta ankarar da ni. Kyamara ɗaya tana kallon tsakar gida, inda mata ke aikinsu ba mayafi. Wata rana ta tambaye ni, "Maigida, ban da kai wa yake ganin hotunan nan?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To yaron da ya kafa ta fa, wa ya ba ka lambar sirrin in ba shi ba?" Jama'a, na rasa amsa. Mutumin da ba zan bari ya wuce zaure ba sai da sallama, ga shi na buɗe masa tsakar gidana a cikin wayarsa dare da rana. Garin neman gira na kusa rasa ido. A ranar na cire wannan kyamara, na kuma canja lambar.

Kada wani ya ɗauka tsoro ne irin na mata. A shekarar 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hotunan kyamarori fiye da 73,000 daga ƙasashe daban-daban, har da na ɗakunan mutane, ba don komai ba sai don masu su ba su canja lambar sirrin da ta zo daga kamfani ba. Haka kuma a watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja da ake kira Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗa masu irin wannan lamba, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i.

Abu na uku shi ne sauƙin sarrafawa. Ni ina ofis daga safe har yamma. Masu zama a gida su ne mahaifiyata da maiɗakina da maigadi. Manhajar kuwa da Turanci take, rubutu ƙanana, sai an danna wuri biyar kafin a ga hoton jiya. Ke nan na sayi abin tsaro wanda masu tsaron gidan ba su iya taɓawa. Ya tuna mini da ɗakin kwamfutarmu na nan makaranta, inda muka fi sanin launin ƙyallen da ake lulluɓe su da shi fiye da abin da ke ƙarƙashinsa. Malamanmu su yafe mini, na san tsoron ƙura ne.

Wannan ne ya kawo ni ga maganar shafin ƙungiya. Gina shafi a yau ba wuya. WordPress, wanda ya fito a 2003, kyauta ne, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi aka gina su. Wahalar ita ce a gina wanda ɗan ajin farko, mai shekara saba'in da ƙaramar waya da datar naira ɗari biyar, zai iya shiga ya yi rajista ba tare da ya kira jikansa ba. Dukanmu mun taɓa cika fam a intanet, mu kai shafi na ƙarshe, hoto ya ƙi hawa, komai ya goge. Wani masani ɗan asalin Denmark, Jakob Nielsen, ya nuna a shekarar 2000 cewa idan ka zaunar da mutum biyar kacal suka gwada shafi kana kallo, za su tono maka kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolinsa. Hausawa sun riga shi faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ina roƙon kwamiti, kafin a fitar da ko kwabo daga asusu, a yi waɗannan abubuwa. A kira maigadin makaranta da malamin kwana su gwada na'urar da hannunsu, in sun kasa a nemi wata. A kafa kyamara a ƙofar shiga da katanga da hanyoyi, kada ko ɗaya ta leƙa ɗakin kwanan yara. A ware kuɗin batir da gyara na kowace shekara. Lambar sirri ta zauna a hannun shugaban makaranta, a canja ta ranar da mai kafawa ya gama aiki. Shafi kuwa a yi shi da Hausa da Turanci, a ba dattawanmu biyar su fara gwadawa. A kuma tuna cewa tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka hotunan ɗalibai da lambobin wayar membobi amana ce a wuyanmu, a gaban hukuma da gaban Allah.

A ƙarshe, kyamara ido ce, ba ta da hannu. Ba ta tare ɓarawo, ba ta maye gurbin maigadin da aka biya haƙƙinsa a kan lokaci, ko maƙwabcin da kuke gaisawa. Babur ɗina dai har yau shiru.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta tamu.