Aiki da karatu a ƙasar waje: abin da ya kamata mu sani kafin a sayar da gona

 



Akwai maganar da nake yawan ji a bakin ƙannenmu da suka samu BAK: “In dai na fita waje, aiki zan riƙa yi ina biyan karatuna.” Da wannan magana ake lallashin uba ya sayar da sa, ko ya jinginar da gonar aya. To bari mu duba ta da kyau.

Gaskiya ne ƙasashe da yawa suna barin ɗalibi baƙo ya yi aiki, amma da iyaka. A Faransa awa 964 ne a shekara, kusan awa 20 ke nan a sati. Wanda ya wuce haka ana iya karɓe takardar zamansa, karatun ya tafi tare da ita. Jamus tana ba da kwana 140 a shekara, Kanada awa 24 a sati. Ku lura, wannan izini ne kawai, ba wanda ya ajiye maka aikin yana jiranka. Faransar ma, tun da aka rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, samun bizarta ya ƙara wuya.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne sitaj, wato aikin koyo a fannin da kake karanta. A dokar Faransa, in sitaj ya wuce wata 2 dole a biya ɗalibi. A 2024 mafi ƙanƙanta yuro 4.35 ne a awa, kusan jika 3 na kuɗinmu. Da ji kamar da yawa ko? Sai ka cire kuɗin ɗaki da na abinci da na rigar sanyi, ka ga abin da ya saura. Ribar sitaj ta gaske ita ce hannu ya saba da aikin, a kuma ba ka takardar shaida. A Amurka ma haka tsarin da suke kira CPT yake: sai jami'a ta sa hannu, kuma sai aikin ya dace da darasinka.

Mafi yawanmu dai ba can za mu ba. Katsina ce, ko Kano, ko Zariya, ko Sakkwato. A Najeriya akwai SIWES tun shekarun 1970, inda ɗaliban kimiyya da noma da injiniya suke barin aji su yi watanni a ma'aikata. Alawus ɗin kaɗan ne ƙwarai, kada wani ya ɗora lissafin cinsa a kai. Nan gida kuma ɗaliban noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna zuwa ƙauyuka irin su Ɗan Saga, inda manoma suka shahara da renon itatuwa cikin gona. Sau da yawa ba ko dala, amma wallahi mai yin sitaj a can yana koyon abin da turawa ke hawa jirgi su zo gani.

Sai batun addini, wanda ba ya cikin takardar kowace jami'a. Aikin da ya fi saurin samuwa ga baƙo shi ne na gidan abinci, wani wurin da giya da naman alade. Ka tambaya tun kafin ka sa hannu, ka tambayi lokacin Juma'a kuma. Ƴan uwa mata, ku tambayi maganar hijabi tun ranar farko. Kuma kowane aiki, a rubuta yarjejeniya. Wanda ya ce maka a yi ba takarda, ranar da ya hana ka haƙƙinka ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su tattara sunayen yayyenmu da ke karatu a waje, ƙasa-ƙasa, domin duk wanda zai tafi bana ya fara magana da ɗayansu tare da mahaifinsa.